Da Goyo a Titunan Alƙahira

Ana jibi za mu tashi muka je Bunguɗu yi wa Inna sallama. Maigida ya fito da keken yaran da ya sayo domin tafiyar yana nuna mata yadda ake naɗe shi, ita kuwa ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wanga abu hwa? Uwar ɗiyar ga ba ta da baya ne?" Ta shiga ɗaka ta fito da zane da majanyi na saƙi ta ɗora mini a cinya. Na karɓa don girmamawa, na cusa su a ƙasan akwati, a zuciyata ina cewa wa zai yi goyo a birnin da ke da jirgin ƙasa a ƙarƙashin ƙasa. Ƙawata, riƙe zancen zanen nan, za mu dawo kansa.

Abin da ya kai mu Masar ganin likitan ido ne na maigida. Ni da 'yarmu Ummi, wadda a lokacin take da shekara biyu da wata uku, 'yan rakiya ne. Mun bar Gusau a watan Yulin 2024 bayan rana ta ɗaga, kamar yadda kowa ke yi a hanyar nan yanzu. An kwana ana ruwa, gero ya kai gwiwa, dutsen Kwatarkwashi ya yi baƙi wuluk saboda jiƙa. Muka wuce Tsafe, muka wuce 'Yankara da Funtuwa, la'asar ta yi mana a Kano. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Alƙahira tafiyar kusan awa biyar ce, Ummi ta yi kukan awa ɗaya ta yi barcin sauran.

Na tafi da tunanin cewa wanda ya sha bazarar Gusau ba ya tsoron rana a ko'ina. Ashe zafi iri-iri ne. Namu yana da inuwar darbejiya da tabarma a zaure, kuma a Yuli hadari kan taso ya kawo sauƙi. Can babu ko ɗigon ruwa a wannan watan, sama fes, kwalta da siminti da hayaƙin motoci suna mayar wa mutum da zafin a fuska. Yinin ma ya fi namu tsawo. Agogonsu na gaba da namu da awa biyu a wannan lokacin, kuma sai wajen takwas na dare ake kiran magariba. Na tsaya a tagar masaukinmu a unguwar Duƙƙi ina jiran duhu kamar mai jiran buɗa-baki.

Washegari da maigida ya tafi asibiti na sa Ummi a keke na fita da misalin sha ɗaya na safe, wai zan je in ga kogin Nilu. Ban yi nisa ba. Gefen titin da aka yi don masu tafiya a ƙasa yana da tudu, ga motoci an jera a kansa, ga masu shaguna sun fito da kaya, duk 'yan taku sai na ciccibi keke na sauke. Tsallaka titi kuwa sai wanda ya iya, domin motoci ba sa tsayawa, mutane ne ke ratsa su da ɗaga hannu. Da na leƙa fuskar yarinyar na ga ta yi jajir, gashinta ya manne da gumi, ta daina ko surutu. Gabana ya faɗi. Ban lura ba cewa wanda ke zaune a keke ya fi kusa da kwalta mai huci, kuma hancinsa daidai yake da salansar mota. Wani mai shagon magani ya yafito ni, ya ba mu kujera a gaban fanka, ya jiƙa tsumma ya miƙo mini in shafa mata a wuya. Bai karɓi ko kwabo ba.

Da yamma ɗan wan maigida ya zo gaishe mu, yaron Tsafe ne da ke karatu a Azhar. Da na ba shi labari ya ce, "Anti, nan ba a fita da yaro tsakanin hantsi da la'asar. Ko ki yi sammako, ko ki jira rana ta yi sanyi. Garin nan da dare yake rayuwa." A daren na zazzage akwati na ciro zanen Inna.

Dalar Giza muka fara zuwa, ƙarfe takwas na safe muna bakin ƙofa. Ni a hoto nake ganinsu cikin rairayi, na ɗauka sai an yi tafiya mai nisa cikin hamada. Ina! Gidaje da shaguna sun zo har gindinsu, kana cikin cunkoson motoci sai kawai ka ga ƙololuwar dala ta leƙo ta bayan wani bene. Babbar, ta Fir'auna Kufu, ta kai shekara 4,500 a tsaye. Tsayinta na asali mita 146 ne, kuma an ƙiyasta duwatsun da aka jera a cikinta sun haura miliyan biyu. Na tsaya a jikin layin farko, dutse ɗaya ya kusa kai mini kafaɗa. Kwatarkwashi ne ya faɗo mini a rai, domin shi ne babban dutsen da idona ya saba da shi, sai dai shi Allah ne ya ajiye abinsa, wannan kuwa mutane ne suka sassaƙa suka ɗauko suka ɗora ɗaya kan ɗaya. Ayoyin da muka haddace tun muna allo game da mutanen Fir'auna suka riƙa zo mini, jikina ya yi sanyi. Ummi ba ta ko ɗaga kai ba. Raƙuma ta gani an yi musu ado da tuntaye masu launi, ta riƙa zillo a bayana tana nunawa. Muka gangara wurin Abul Haul, gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, amma kafin goma rana ta fara cizo, babu ko bishiya ɗaya da za a raɓa. Ban shiga cikin dalar ba, an ce hanyar ƙunci ce kuma a sunkuye ake hawa. Muka juya.

Goyon nan ya ja mini ido fiye da yadda na zata. Su matan Masar a hannu suke riƙe yaro, wasu kuma su ɗora shi a kafaɗa ɗaya ya raba ƙafa ya riƙe kan uwar. A jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe tun 1987, akwai taragun mata zalla a tsakiya, can nake shiga. Daga Duƙƙi zuwa tsakiyar gari jirgin ta ƙarƙashin Nilu yake bi, abin da sai da aka faɗa mini na sani. Wata dattijuwa ta kama gefen majanyin tana ja a hankali don ta ga ko zai kwance, da ta ga ya ƙi sai ta kira 'yarta ta zo ta gani. Na kwance na sake ɗaurawa a gabansu, na sunkuya, na ja zane ta ƙarƙashin hammata, na soke. Taragon ya ɗauki "Ma sha Allah". Suna lakatar kumatun Ummi suna ce mata "asal", wato zuma. Ɗan Larabcin Islamiyyata bai yi mini aiki sosai ba, domin su jimun ma "ga" suke furta ta, amma babu ranar da na shiga jirgin nan ban samu wadda ta tashi ta ba ni wurin zama ba.

Abin da ya fi damuna kafin tafiya shi ne me yarinyar za ta ci, har garin kunu na ƙullo. Sai ga shi a shagon masu sayar da abin sha na ga wani jan ruwa da suke kira karkade, na kurɓa, zoɓo ne. Tamar hindi tsamiya ce. Wanda suke kira dum kuwa goruba ce aka jiƙa, gorubar da yaranmu ke gwaguya a bakin makaranta. Rake suke matsewa a inji a gabanka su ba ka a kofi da kumfarsa. Miyar da suke alfahari da ita, mulukiya, lalo ne aka yanka ƙanana aka soya masa tafarnuwa. Ummi ta ci ta da shinkafa har tana lashe hannu. Koshari ne ya zame mini baƙo: shinkafa da taliya da adas a kwano ɗaya, da miyar tumatir da soyayyar albasa. A wasu lunguna kuma za ka ga an jera 'yan tulunan ƙasa cike da ruwa don mai wucewa ya sha sadaka, kamar randar ƙofar masallaci a gida.

Masallacin Azhar muka je bayan la'asar. An fara gina shi a shekarar 970, tsakar gidansa farin dutse ne mai santsi. Na sauke Ummi, ta ruga da gudu ba takalmi, babu wanda ya tsawata mata. Ɗan namu ya gaya mini cewa a da can ɗaliban Barno na da nasu sashen kwana a masallacin, sannan wani malamin Katsina, Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, a birnin nan ya zauna bayan ya yi hajji har ya rasu a 1741. Kunya ta kama ni. Na yi makaranta har na koyar, amma sai a Alƙahira na fara jin sunansa. Na zauna na jingina da ginshiƙi ina tunanin watannin da ya shafe a hanyar da muka yi cikin awa biyar. Kasuwar Kan Kalili tana tsallaken titi, lungunanta matsattsu kamar na kasuwar Kurmi, turare da fitilun tagulla ko'ina. Na ratsa ta da hannuwana biyu a sake, yarinya na barci a baya.

Darenmu na ƙarshe, an cire wa maigida bandeji, muka hau lambun Azhar, wanda aka buɗe a 2005 a kan tsohon jujin da ya shekara ɗaruruwa ana zuba masa shara. Daga can ana hango ganuwar Salahuddin da hasumiyoyi ba adadi. Da lokacin isha ya yi kiran salla ya tashi ta kowane ɓangare, wani na shiga cikin wani. Har sha ɗaya na dare iyalai na zaune a ciyawa da fulas ɗin shayi, jarirai ido biyu. A Gusau da tuni mun kulle ƙofa. Ummi ta samu wani yaro sa'anta suna bin juna a gefen ruwan da ke gudana a 'yar magudana, ita tana Hausa shi yana Larabci.

Keken mun bar wa mai gadin masaukinmu, matarsa na da tsohon ciki. Da muka dawo gero ya fara fitar da kai a gonakin Tsafe. Na wanke zanen da majanyin na kai wa Inna Bunguɗu tare da tsarabar karkade. Ta buɗe ledar ta sansana ta ce, "Zoɓo kuka ɗauko mani tun daga Masar?" Sannan ta mayar mini da majanyin, ta ce in ajiye wa na gaba.