Rabin Awa a Dombås

Ni ɗan Izom ne, kuma duk wanda ya tashi a bakin hanyar Suleja zuwa Minna ya san warin fetur tun yana goye. Tankokin mai na ratsa mu dare da rana, ga tashar tura ɗanyen mai ta NNPC a gefen gari. Shi ya sa da ɗan yayata mai aiki a Oslo, babban birnin Norwe, ya ce zai kai ni Trondheim, tafiyar wajen kilomita 500, a motar da ba ta shan ko ɗigon mai, sai da gabana ya faɗi.

"Kawu, kwantar da hankalinka," in ji shi. "Ba za mu kwana a daji ba."

Muka kama hanyar E6, muka wuce Lillehammer, muka miƙe cikin kwari, kogi na bin mu a gefe. Motar shiru, sai ƙarar taya. A Dombås, wani ɗan gari a gindin duwatsun Dovre, ya ratse ya tsaya gaban wasu akwatuna masu tsayin mutum. Ya jawo kebul mai kaurin hannun yaro ya soka a kwiɓin motar, allo ya fara ƙirga kashi nawa batir ya sha, kamar dai na waya. Kusa da mu wata tsohuwa ce da jikokinta biyu; da hannunta ta jona tata, ta ja yaran suka shiga shago. Mu ma muka bi su. Kafin in gama shayi da burodi, rabin awa ke nan, yaron ya ce mu tashi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne: wane ɗan kasuwa ne zai fara kafa irin wannan a wurin da mutane ba su da yawa, alhali motocin ba su zo ba tukuna? Mai mota na jiran wurin caji, mai wurin caji na jiran mota. A nan gwamnati ta sa hannu, ta wata hukuma tata mai suna Enova, wadda aka kafa a 2001 a Trondheim ɗin da muka nufa. Daga 2015 ta raba manyan hanyoyin ƙasar kashi-kashi, ta ce tana son aƙalla na'urorin caji mai sauri biyu a kowane kilomita 50. Kamfanoni suka yi takara, kuma neman tallafi kaɗan na cikin abin da ke ba kamfani nasara. Da ciniki ya kankama a hanyoyin kudu har yana riƙe kansa, sai ta karkata kuɗin zuwa wuraren da har yanzu ba riba, irin su Finnmark can ƙuryar arewa. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai, domin kuɗin talaka ya je inda ɗan kasuwa ba zai je don kansa ba, kuma ya san lokacin janyewa. A 2024, kusan tara cikin kowace sabuwar mota goma da aka sayar a ƙasar ta lantarki ce.

Kuma fa Norwe ƙasar mai ce kamar tamu, tun da suka gano shi a teku a 1969. Suna sayar wa duniya, su kuwa suna tuƙi da wutar ruwa. Nan ne zuciyata ta koma gida. Madatsun Kainji, Jebba, Shiroro, Zungeru, duk ruwan jihar Neja ne ke juya su, amma yaron da ke cajin waya a bakin tashar Izom da ɗan janareto yake yi. Shekara da shekaru tallafinmu na mai a tanki yake ƙonewa, har aka cire shi ranar 29 ga Mayu, 2023, bai bar ko turke ɗaya a tsaye ba.

Muna hawa Dovre ina lissafi da yatsu. Da ma'aunin kilomita 50 ɗin nan aka ɗora wa hanyarmu, da tashar caji ta faɗo a yankinmu, Izom ko Lambata. Direba zai tsaya rabin awa cur. A rabin awa zai yi salla, ya ci abinci, ya taya doya a wajen matan Gwari da ke wuni a rana suna ɗaga wa motoci hannu.