SHANUN DA BA SU DA TOZO

Duk ranar da aka dawo daga hutu, ɗakin kwananmu ba ya yin shiru sai dare ya raba. Wannan ya ce ya je Yankari ya ga giwaye, har ya yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Wancan ya ce an kai shi Legas ya ga teku. Ni kuwa sai in ja mayafi in yi kamar barci nake, don kada a tambaye ni. To, ina zan ce na je? Kowane hutu wuri ɗaya ake tura ni, watau Birnin Kudu, gidan kakata ta wajen uwa. A ganina a lokacin, babu kome can sai duwatsu da gonaki da tuwon dawa.

Ran nan a zango na biyu, malaminmu na tarihi ya shigo aji da wani tsohon littafi. Ya buɗe, ya nuna mana hoton wasu shanu da aka zana a jikin dutse, ya ce, "Wa zai gaya mini inda waɗannan suke?" Wani ya ce Masar, wani ya ce cikin Sahara. Malam ya yi murmushi ya ce, "Nan kusa da ku suke, a Birnin Kudu ta Jihar Jigawa." Sai na ji gabana ya faɗi, don kuwa na san irin shanun nan, sanin da ba na alfahari da shi.

Malam ya ci gaba da bayani. Ya ce wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, shi ne ya yi rubutu a kan zanen nan a shekarun 1950, har masana na ƙasashen waje suka san da shi. Ya ce a nan ne kuma, a 1955, Baturen ya lura da duwatsu masu kiɗa, waɗanda in an buga su suke ƙara kamar kuge. Ya ambaci Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, ya ce gwamnati ta sa wuraren zanen cikin kayan tarihi na ƙasa. Ni dai ina zaune, kunnena yana ji, amma hankalina ya koma shekara shida baya.

Ga abin da ya faru. Ina ɗan shekara goma muka tafi yawon duwatsu da yaran unguwar kakata. Muka yi ta zamiya a kan wani dutse mai santsi har wandunanmu suka huje. Da rana ta yi zafi muka fake a ƙarƙashin wani ƙaramin kogo can nesa da hanya, inda babu shinge, babu mai gadi. A jikin kogon akwai zanen wata jar saniya da ya fara dushewa. Na ɗauka wasu yara ne irinmu suka yi. Sai na ciro wata ƙusa da ke aljihuna, na kankare haruffa biyu na farkon sunana, dab da ƙafar saniyar, har ɗaya ya ci kofato. Yara suka yi mini tafi. Na koma gida ina jin na yi bajinta. Rashin sani dai shi ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Ban gaya wa kowa ba. Amma da dogon hutu ya zo, sai na gayyaci abokina, wani Bazazzagi, wanda ya fi kowa cika mana baki da Yankari, na ce ya zo mu je. Muka shiga mota a Kano, muka haye gadar Wudil, muka yi tafiyar kamar awa biyu. Damina ta yi kyau, gero ya yi tsawo, ko ina kore shar. Tun daga nesa muka fara hango duwatsun, manya a kan ƙanana, kamar wani ne ya jera su da hannu. Abokina ya ce, "Kai, wancan ai iska kaɗan za ta ture shi!" Na ce masa tun kakata tana yarinya haka yake, sai dai in Zagezagi ne za su zo su ture.

Da muka isa, kakata ta fito tana cewa, "Maraba da maigidana! Yau kuma har da baƙo, ga shi ba ka kawo kuɗin cefane ba?" Aka yi dariya, aka kawo fura. Da na ce mun zo ganin zanen dutse ne, sai ta riƙe baki. Ta ce a zamaninsu 'yan mata kan raka amarya can kafin a kai ta ɗakin miji, su yi ta buga dutse suna waƙa har yamma, amma ba ta taɓa zaton wani zai biya kuɗin mota don ya zo kallonsa ba.

Washegari da sassafe Kawu ya raka mu. Ba mu tarar da kowa ba a hanya sai wani yaro mai kiwon awaki da ƙadangaru masu shan hantsi. Babu masu talla, babu hayaniya. Muka sunkuya muka shiga ƙarƙashin dutse. Da farko ban ga kome ba, sai da idona ya saba da inuwar, sa'an nan shanun suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wasu an cike su da ja, wasu farare ne an kewaye su da jan layi. Wasu masu dogayen ƙahoni, wasu gajeru.

Kawu ya daɗe yana harkar shanu, har Wudil yake kai su kasuwar Juma'a. Ya ce, "Ku duba da kyau, me kuka ga ya rasa a jikinsu?" Muka duba, muka duba, ba mu gane ba. Ya ce, "Tozo. Ko ɗaya babu mai tozo." Ashe kuwa haka ne, bayansu a miƙe yake sumul. Ya ce duk shanun da ake kiwo a ƙasarmu yanzu, da Bunaji farare da Rahaji jajaye, masu tozo ne. Marasa tozo sai ka je bakin Tafkin Chadi ka ga Kuri masu kumburarrun ƙahoni, ko ka gangara kudu ka ga Muturu 'yan gajeru. Nan na tuna da abin da malam ya ce, wai wannan shi ne babban shaidar tsufan zanen: masu shi sun yi kiwo a nan tun kafin shanu masu tozo su cika ƙasar. Ba su bar mana littafi ba, ba su bar suna ba. Wannan zane shi ne kaɗai wasiƙar da suka aiko mana.

Daga nan Kawu ya nuna mana wani faffaɗan dutse mai 'yan gurabu a gefensa, sun yi sulɓi saboda yawan bugu. Ya ɗauki ɗan dutse ya ƙwanƙwasa. Wallahi sai ka ce ƙarfen da ake buga mana na tashi da asuba! Kowane gurbi da irin muryarsa, wani siririya, wani kakkaura. Abokina ya karɓa ya yi ta bugawa, ya manta da giwayen Yankari. Ni kuwa ina tunanin hannu nawa ne suka bugi wurin nan kafin dutse mai tauri haka ya lotsa.

Da za mu koma, na ce wa Kawu mu bi ta wata hanya. Ƙafata ta kai ni ƙaramin kogon nan ba tare da ɓata ba. Ina fata ruwa da iska sun share abin da na yi. Ina! Yana nan fari fat, ya ma fi saniyar fitowa. Kuma ba ni kaɗai ba ne, wasu sun biyo bayana da gawayi da alli. Kawu ya girgiza kai ya ce, "Dubi aikin marasa tarbiyya." Na yi shiru, sa'an nan na ce, "Kawu, na ƙusar nan ni ne." Ya dube ni, ya dubi dutsen. Na zaci zai yi faɗa, amma sai ya ce, "Wanda ya zana ta bai sa sunansa ba, kai da ka ɓata ka sa naka." Da bulala ya yi mini da ta fi sauƙi. Na ce ko in kankare haruffan? Ya ce a'a, garin gyara sai in ƙara ɓarna, in bar shi haka ya zama mini wa'azi.

To, 'yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na rubuta wannan ke nan. Ban ce kada a je Yankari ko Legas ba, tafiya mabuɗin ilmi ce. Amma kafin mu raina garuruwanmu, mu tambayi tsofaffi abin da ke bayan gari. Bazazzagin nan ma da muka dawo ya ce ashe bai taɓa hawa Dutsen Kufena ba, ga shi kullum yana hango shi daga gidansu. In kuwa Allah Ya kai ku irin waɗannan wurare, ku je da ido da kunne, ku bar ƙusa da gawayi a gida. Iyayenmu kuma muna roƙonku, ku riƙa gaya mana darajar abu tun muna ƙanana, don da na sani ƙeya ce.

Bana da aka dawo hutu ban ja mayafi ba. Da aka tambaye ni inda na je, na tashi zaune na ce Birnin Kudu, na ba su labari duka, har da na ƙusar.