Intanet Na Yawan Yankewa A Kwamfutar Gida? Kada Ki Yi Saurin Zargin Kamfanin Layi

Uwargida, in kina da kwamfutar tebur a gida, wadda yara ke atisayen jarrabawar JAMB a kanta ko kike tallata kayan sana'arki, kin san takaicin nan. Intanet ya zo, bayan minti goma ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Gara ma ya mutu gaba ɗaya a san abin yi. Wannan wasan ɓuya shi ke sa yaro ya ture kujera ya ce ya fasa karatun, ga jarrabawa ta ƙarato.

Abin da nake fara yi ba ya cin ko sisi. Da zarar kwamfuta ta yanke, sai in kashe datar wayata, in bar ta a kan Wi-Fi ɗin da kwamfutar ke amfani da shi, in buɗe wani shafi. In wayar ma ta tsaya, matsalar tana wajen rauta, akwatin nan mai rarraba intanet, ko wajen kamfanin layi. Ki lura ko lokacin ɗauke wuta ne, domin duk sanda aka koma janareta rauta kan mutu ta sake tashi, kuma tashin nata kan ɗauki minti ɗaya zuwa biyu. Ƙaramin UPS na maganin wannan.

In kuwa wayar na tafiya lafiya lau, ki kyale kamfani, ki leƙa bayan kwamfutar. In da kebul aka haɗa ta, duba ɗan harshen robar da ke riƙe kansa. Yana karyewa, sai kebul ɗin ya riƙa motsi, tsintsiya kaɗai ta taɓa shi a yanke. In ɗan ƙaramin abin kama Wi-Fi ne na USB, sau da yawa za ki tarar an soka shi a baya, ƙarƙashin tebur, tsakanin bango da akwatin ƙarfe. Ta ina sigina zai same shi? Dawo da shi gaba, ko ki sa masa wayar ƙari ya hau kan tebur. Ni dai in rauta ba ta da nisa, kebul na fi yarda da shi.

Akwai kuma wanda ya fi ɓoyewa. Windows kan kashe na'urar intanet da kanta wai don tsimin wuta. Ki shiga Device Manager, ki buɗe Network adapters, ki danna sunan na'urar sau biyu, a shafin Power Management ki cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe ta. Babban ɗanki ma zai iya yi miki.

In duk an yi haka bai daina ba, ki rubuta lokutan da yake yankewa na kwana biyu kafin ki kira mai gyara. Ki kuma ce ya fara gwada wani kebul ko abin kama Wi-Fi na aro, kafin ya kawo zancen goge komai a sake ɗora Windows.