Masu Zanen Fuska Uku da Yadda Kowa Ya Riƙe Lokaci

A wannan wata ina so mu ɗan tattauna a kan wata sana'a da ba mu cika ba ta muhimmanci ba, wato zanen siffar mutum da fentin mai. Wani zai ce, yanzu da kowa ke da waya mai ɗaukar hoto a aljihu, me ya sa za a zauna ana ɓata fenti? Ni ma na daɗe ina juya wannan tambaya a raina, kuma amsar da na samu ta fito ne daga kwatanta ayyukan mutum uku.

Na farko shi ne Lucian Freud, wanda aka haifa a birnin Balin na Jamus a 1922, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Ingila a 1933, ya rasu a Landan a 2011. Shi wannan bawan Allah ba ya gaggawa. Wanda zai zana sai ya yi ta zuwa yana zama a gabansa wata da watanni. Ko Sarauniya Elizabeth, an fara zanenta a 2000, ba a gama ba sai ƙarshen 2001, alhali hoton bai fi littafin aljihu girma da yawa ba. Amma aikinsa da ya fi taɓa mini zuciya shi ne na mahaifiyarsa. Bayan mahaifinsa ya rasu a 1970, baƙin ciki ya lulluɓe ta. Sai ya riƙa kawo ta ɗakin aikinsa yana zana ta, shekara bayan shekara, har ta rasu a 1989. In ka jera hotunan, za ka ga tsufa na shigowa a hankali, fata na tattarewa, ido na yin nisa. Bai ɓoye komai ba, bai ƙawata komai ba.

Ta biyu ita ce Lynette Yiadom-Boakye, wadda aka haifa a Landan a 1977, iyayenta kuwa mutanen Gana ne. Tana cikin waɗanda suka wakilci Gana a babban baje kolin zane na birnin Benis a Italiya a 2019. Ita hanyarta daban ce ƙwarai. Mutanen da take zanawa ba su taɓa rayuwa ba, daga tunaninta take fito da su, kuma an san ta da kammala zane a yini ɗaya tun fenti bai bushe ba. Da wuya ka ga wani abu a jikinsu da zai gaya maka shekara ko gari, sau da yawa ko takalmi ba su da shi. Baƙaƙen fata ne, suna zaune ko suna kishingiɗe cikin natsuwa, ba su neman kowa ya tausaya musu. Sai ka ga kamar ka san su, ka rasa a ina.

Na uku shi ne Amoako Boafo, haifaffen Akra a 1984, wanda ya yi karatun zane a gida kafin ya wuce birnin Biyana na Ostiriya. Shi in ya zo kan fuska da hannuwa, sai ya ajiye burushi ya shafa fenti da yatsunsa, har sawun yatsun ya zauna a kan fatar, ruwan ƙasa da shuɗi suna cuɗanya. Ka ce yanzu ya ɗaga hannu. A watan Fabrairun 2020 aka sayar da wani zanensa a gwanjon Landan a kan fam 675,000. Sai dai kuɗin kasuwa yau ya hau, gobe ya sauka, ba shi ne ma'aunin aiki ba.

To, ga su nan su uku. Freud ya tara lokaci a cikin fuska, Lynette ta cire lokaci daga cikinta, Boafo kuwa ya kama ɗan lokacin da hannu ya taɓa mutum. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma in aka ce in zaɓa, zan tsaya a kan Freud da mahaifiyarsa, domin a ganina ba hoto kaɗai yake nema ba. Zanen ya zama dalilin da zai sa ɗa ya zauna da uwarsa awa da awa, yana kallonta, a lokacin da ta fi bukatar wani a kusa.

A nan ne maganar ta shafe mu. Muna ɗaukar tsofaffinmu hoto ranar suna ko ranar biki cikin ƙiftawar ido, mu wuce. Waya ta faɗi ko ta lalace, hoto ya tafi. Idan aka tambaye mu yadda goshin kakarmu yake sa'ad da take tunani, ko yadda bakinta ke motsi kafin ta yi dariya, mu nawa ne za su iya faɗa? Ba sai mun iya riƙe burushi ba. Abin da ake bukata shi ne tabarma, da zama, da haƙurin kallo, tun suna nan tare da mu.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon kula da su. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.