Daren da na "tsere" wa ɗan sanda a Amurka

Lokacin da muke yara a gidan kallo, in an sa fim ɗin Amurka babu inda muke ɓarkewa da ihu da tafi kamar inda akta ya taka mota 'yan sanda na bin sa da jiniya. Mu dai kullum bayan akta muke. Ban taɓa tambayar kaina me ke samun sa washegari ba, sai da abin ya faɗo kaina.

Wata huɗu da zuwa na karatu jihar Jojiya, na taso daga wurin aiki wajen ƙarfe ɗayan dare. Hanyar daji ce, duhu ko tafin hannu ba ka gani. Kawai sai na hango shuɗiyar fitila tana walƙiya a madubi. To mai karatu, duk wanda ya saba tafiyar dare a gida ya san abin da direbobi ke cewa: in an haska maka tocila a dawa, kada ka kuskura ka tsaya. Wannan tsoron ne ya riƙe min ƙafa. Na rage gudu, na kunna sigina biyu, na lallaɓa kamar mil ɗaya har wani gidan mai da ke da haske.

Ina tsayawa motoci uku suka kewaye ni. Ga bindiga, ga tsawa, ga ankwa. A sel na kwana, ana tuhuma ta da gudun ɗan sanda. Asalin laifin kuwa? Ƙwan fitilar baya ne ya mutu!

Lauyar da na samu, wata dattijuwa mara son dogon surutu, ita ta warware min zancen. A dokar Jojiya, sai an tabbatar cewa da gangan mutum ya ƙi tsayawa, kuma jami'in yana cikin kaki, motarsa na ɗauke da alamar hukuma. Nan lauyoyi ke neman mafita: ko direban bai ga alamar ba, ko bai gane 'yan sanda ba ne, ko lalura ta kama shi kamar kai mai naƙuda asibiti, ko ma ba shi ne a bakin sitiyari ba. Amma in ka zarce ƙa'idar gudu da fiye da mil 20 a awa, ko ka buge wani, laifin ya zama babba, ɗaurinsa ba ya gaza shekara guda. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Da ka taka totur ko sau ɗaya, da yanzu wani zancen muke."

Ita ce kuma ta ba ni labarin Victor Harris, wanda a wannan jihar abin ya same shi a 2001. Yana ɗan shekara 19, an kama shi yana gudun mil 73 inda aka iyakance 55, sai ya ƙi tsayawa. Bayan tseren kusan mil goma, wani jami'i ya daki motarsa ta baya, ta wuntsila rami. Hannuwa da ƙafafunsa suka shanye. Ya kai ƙara, amma a 2007 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai takwas cikin tara, ta ce jami'in bai saɓa doka ba. Alƙalan sun kalli bidiyon tseren, har wanda ya rubuta hukuncin ya kamanta shi da na finafinan Hollywood. Wallahi da na ji haka sai da tsigar jikina ta tashi, na tuna tafin da muke yi a gidan kallo.

Ni ma bidiyo ne ya yi min rana. Kyamarar motar ɗan sandan ta nuna ina tafiyar hawainiya, sigina na ƙiftawa, har na shiga gidan man. Mai gabatar da ƙara ya janye tuhumar, na biya tarar fitila. Kuɗin lauya dai ya cinye min albashin wata biyu, kuma har yau ban gaya wa Hajiyarmu cewa ɗanta ya taɓa kwana a sel ba.