Ƙaramin gida a bakin gona

Ma'aikaci ɗan Arewa da ya tsufa a bakin aiki a Yamai, da ɗan kasuwar da ya gaji da hanyar Ƙwanni da Gaya, burinsu guda ne: su koma gida, su kafa ɗaki a gonar gado. Sai dai gonakin Dallol Mawri, daga Matankari har Tsibiri, akasarinsu ba wayar NIGELEC, ba pampo. Wanda ya ɗauko fasalin gidan birni ya kai can, yana iya binne guzurin tsufansa cikin gidan da ba ya zaunuwa.

Wani malamin lakkwal na ƙasar Tsibiri ya aje aiki bayan shekara 30 yana riƙe da alli. Dangi sun zuba ido su ga gidan siminti mai rufin tol. Shi kuwa sai ya zana ɗaki biyu na ƙasa, da rumfa, da madafa, da makewayi. Aka yi ta raɗe-raɗin mushe ya dawo hannu wofi. Amma malamin yana da hujja. Yana Yamai a watan Agusta na 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ta ba sai watan Maris na 2024. Ya ga yadda ɗakin siminti da tol yake zama tanda da zarar fanka ta tsaya. Ya ƙudura cewa gidan tsufansa zai yi sanyi da kansa, kuma zai kasance daidai abin da rana da ruwan sama da aljihunsa za su iya ɗauka. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ya fara da wuri. Bai gina cikin fadama ba, duk da daɗin lambu, domin ambaliyar 2024 ta nuna abin da ruwa yake yi wa ginin ƙasa a kwari. Ya hau ɗan tudu, ya kauce wa burtalin dabbobi, ya kuma nemi takardar shaida daga kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, kada ƴaƴansa su gaji rigima. Gawon da ya tarar bai sare shi ba: itace ne mai zubar da ganye da damina, ya yi lif da rani, lokacin da ake neman inuwa. Ƙofa ta juya wa gabas baya, domin daga nan hadari yake tasowa.

Rufi ne babbar magana. Soron gargajiya yana cin azara, azara kuwa giginya ce, wadda akan sare a kudancin dallol wajen Gaya, ga tsada. Malamin ya zaɓi gini ba da itace ba. Wannan fasaha ta samo asali daga Nubiya, a kudancin Masar, kuma ƙungiyar Development Workshop ta fara gwada ta a Nijar a 1980, a Cikal ta ƙasar Filinge. Ana jera ƙananan tubala na ƙasa sahu bisa sahu, kowane yana jingine da ɗan'uwansa, har rufi ya haɗe ya zama tuluwa, ba azara, ba tol. Sharaɗinta shi ne ɗaki kada ya yi faɗi, bango ya yi kauri don ya tare nauyin da tuluwar take turowa, magini kuma ya zama wanda ya koyi aikin sosai. Bango mai kauri yana shanye zafin rana, ba ya sakinsa sai dare, lokacin da mai gida yake kwance a tsakar gida. Bashinsa guda ne: yaɓe kafin kowace damina, da indararo mai jefa ruwa nesa da gindin bango. Wanda yake ganin ƙasa kayan talaka ce, ya je Yama ta jahar Tawa ya ga masallacin da Falke Barmu ya gina, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986.

Tol ya samu gurbinsa a kan rumfa, kuma aiki biyu yake yi. Na farko tara ruwa. Milimita guda ta ruwan sama a kan murabba'in mita guda lita guda ce. Rumfa mai murabba'in mita 20, a damina mai milimita 500, tana iya zubo lita 10,000, wato duro 50, in an samu wurin ajiya mai murfi. Sauran shekara rijiya ce, kuma ruwa a dallol ba shi da zurfi. Wannan alherin ne ya sa aka kai makewayi nesa da rijiya, ta gangare, domin rairayi ba ya tare ƙazanta.

Aiki na biyu shi ne ɗaukar allon hasken rana, mai fuskantar kudu a ɗan karkace. Allo guda mai wat 100 ya isa fitila uku ko huɗu, da rediyo, da cajin salula, da ƴar fanka. Ba ya ɗaukar firji babba ko na'urar sanyaya ɗaki, ɗakin ƙasa kuma bai nemi ta biyun ba. Da hunturu ana share ƙurar allon a kai a kai. Batir, wanda zafi yake kashewa da wuri, yana zaune a ɗaki mai sanyi. Marigayi Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya shugabanci ma'aikatar binciken makamashin rana ta ONERSOL tun 1969. Abin da ya yi wa hidima yau ana sayar da shi a kasuwa.

Kuɗin ginin malamin, mafi yawansu sun tsaya a ƙauye, hannun masu buga tubali, da masu amalanke, da magini. Abin da ya ba shi wuya shi ne samun maginin da ya iya tuluwa, domin samari sun raja'a ga aikin siminti. Hukumomin garuruwan Dogon Dutsi da Tsibiri, da attajiran da suke gina shaguna da rumbuna, su ne za su iya raya wannan sana'a, in sun ba masu ita aiki. Magini ba ya koyon abin da ba a nema. Allah ya sa a duba.