Lambunan Ankara: Noma a Ƙarƙashin Wayar Lantarki

Duk wanda ya taɓa sayen wake da shinkafa a Nima ko Mamobi, ya ce a zuba masa ganyen latas a kai, to ya ci amfanin wata gona wadda watakila bai taɓa taka ta ba, alhali kuwa ba ta da nisa da ƙofar gidansa. Latas ba ya jure doguwar tafiya cikin zafi, saboda haka da yawa daga wanda ake ci a Ankara a cikin birnin ake noma shi. A wannan dogon hutu na makaranta mun ga ya dace mu zagaya da ku waɗannan lambuna, domin gani ya kori ji.

Idan mutum ya tashi daga mararrabar Kawokudi ya bi titin Obasanjo, ba da jimawa ba zai iso unguwar Dzorwulu, wadda muke kira Jowulu. A nan, tsakanin manyan gidaje masu doguwar katanga, akwai fili mai tsawo wanda manyan wayoyin lantarki suka ratsa ta samansa. Ƙarƙashin wayoyin kuwa kore ne shar, iyakar ganin ido. An ja kunyoyi masu faɗi a jere kamar layin yara a filin makaranta: wannan ta latas, waccan ta albasa mai lawashi, ga kabeji, ga kokwamba. Ga kuma namu na gargajiya, wato lalo wanda ake kira ayoyo a kasuwa, da alayyafo wanda maƙwabtanmu suka ari sunansa suka mai da shi alefu.

Yawancin manoman maza ne, daga arewacin Gana da ƙasashe irin su Burkina Faso da Mali, kuma da yawansu a zangunanmu suke kwana. Don haka idan ka yi sallama da Hausa ka ce "sannunku da aiki", da Hausa za a amsa maka. Ciniki kuwa na mata ne. Tun da asuba 'yan kasuwa ke zuwa su sayi kunya sukutum, su tuge da kansu, su ɗaura a kwando sai kasuwa.

Wannan lokaci na shekara yana da nasa hali. A watan Yuni ruwan sama kan yi yawa har ya kwantar da shuka ya wanke taki. Daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta sai ruwan ya ɗauke, gari ya yi sanyi da lumshi, a daidai lokacin da Gaawa masu gari ke bikin Homowo, wanda ma'anarsa yi wa yunwa ihu. A wannan tsakani ne manomi ke komawa ga garwar ban ruwa. Kowace garwa tana cin lita 15, kuma biyu ake ɗauka, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Mu malaman makaranta ba mu rabuwa da lissafi: nauyin kilo 30 ke nan a kowane sawu, safe da yamma. Da wannan wahala da kashin kaji, latas kan isa tugewa kamar wata guda bayan dashe.

Abu biyu ne ke hana waɗannan bayin Allah barci. Na farko ƙasa. Ba manomin da ke da takardar filin da yake nomawa. Abin da ya sa aka bar masa shi kawai shi ne doka ta hana gini a ƙarƙashin babbar waya, haka nan gefen hanyar jirgin ƙasa da bakin rafi. Duk filin da ba shi da irin wannan kariya, ranar da mai shi ya kawo bulo, ranar lambu ya tashi. Ƙidayar 2021 ta nuna Jihar Ankara tana da mutum sama da miliyan 5, kuma kowa wurin kwana yake nema. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Shi ya sa ba za ka ga manomi ya haƙa rijiya mai tsada ko ya dasa itace a nan ba.

Na biyu ruwa. Rafukan da ake ɗiba sun gauraya da ruwan kwata na unguwanni, kuma latas ɗanye ake cin sa. Masana sun ba manoma shawara su bar ruwa ya kwanta a rami kafin su ɗiba, su kuma daina ban ruwa 'yan kwanaki kafin tugewa. Mu ma a gida muna da namu aiki. Ɗan gishirin da ake barbaɗawa a ruwa bai isa ba. A cire ganyen waje, a wanke da ruwa mai tsabta, sannan a jiƙa minti goma cikin binega kashi ɗaya da ruwa kashi biyar.

A bakin titi kuma, kusa da lambunan, akwai masu renon furanni cikin baƙar leda da tukwanen siminti. Masu motoci ke tsayawa su saya don ƙawata gidajensu. Mun lura cewa sau da yawa da reshe kawai ake fara wannan sana'a: a yanko, a soka a ƙasa mai taki, a sa a inuwa har ya yi saiwa.

Noma cikin birni ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 1972 gwamnatin Kanar Acheampong ta kawo shirin Operation Feed Yourself, wato ka ciyar da kanka, aka yi ta shuka a bayan gida da filayen makarantu. A 1983 kuma fari da gobarar daji suka haɗu da dawowar 'yan Gana kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya. Iyayenmu har yau suna ba da labarin yunwar wannan shekara, da yadda tushen rogo guda a bayan ɗaki ya zama dukiya.

To, yau idan muka dubi gidajenmu na zango, mun shafe tsakar gida da siminti, ba inda ruwa zai shiga ƙasa balle iri. Muna da ɗalibai a aji waɗanda suke shan miyar lalo da tuwo kullum, amma ba za su iya nuna shukar ba. Ƙuncin wuri gaskiya ne, sai dai tsohon bokiti ko buhun shinkafa ba ya cin fili. A huda ƙasansa, a cika shi da ƙasa da busasshen taki, a aje inda rana ke samu. Alayyafo kan isa yanka cikin wata guda. Barkono da na'ana'a da yakuwa duk suna yi a bokiti, zogale kuwa reshe ɗaya ya isa a jikin katanga. A haɗa da tukunyar fure guda a bakin ƙofa, ko don baƙo ya ga gidan da fara'a.

Muna roƙon sarakunan zango da wakilanmu a majalisar gari su sa baki a ba manoman lambu izini a rubuce da ruwa mai tsabta. Iyaye kuma, kafin a koma makaranta, a ba kowane yaro bokiti ɗaya da iri kaɗan, a ce nasa ne. Allah Ya ba mu damina mai albarka.